Waƙar da Ta Yanke a Tsakiya

Asabar, bayan La'asar

Faifan yaran nan ya fito jiya. Na ce faifai ne don ban san me zan kira shi ba, ba abin da za ka riƙe a hannu, a cikin waya yake. Waƙa huɗu kacal. Na ɗora shayi, kafin ya huce in kurɓa har an kusa gamawa. Na ce wa Uzairu, shekara biyu kuna zaryar Jidda duk Alhamis, iyakar kayan ke nan? Ya ce, "Khala, haka aka nufa, gajere ne." Khala yake ce mini. Inna ta yi masa nauyi a baki, haihuwar unguwar Utaibiyya ta nan Makka, Hausar tasa sai ya bi ta Larabci kafin ta iso.

Su uku ne: shi yana rera yana kaɗa jita mai kaurin murya, Abdulrazak yana ganga, sai wani ɗan Yaman da ban taɓa jin ya yi magana ba. Sunan ƙungiyar Zillul Kubri, wai inuwar gada. Kiɗan kuma wai fos-fank. Ni dai abin da nake ji, kamar janareta a bayan gida, ana kankare tukunya a gefe, wani kuma yana ba da labari cikin fushi. Amma na farkon da suka yi an yaba, har wani mai rubutu a Jidda, Usama, ya ce ba a taɓa jin irinsa daga Makka ba. Uzairu ya yi wata guda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Na saurari uku. Ta huɗun na fara, na kife wayar.

Litinin, da hantsi

Kasuwa shiru, 'yan Umara ba su sauko ba. Na goge kwalaben turare sau biyu don rashin abin yi.

Usaman ya yi rubutu. Larabcin nasa irin na littafi ne, ba na ciniki ba, ni kuwa nawa na ciniki ne. Na kai wa Malam Salihu na shagon littattafai da ke jikin nawa, Basakkwace, karatun Hadisi ya kawo shi. Ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar na ba shi kifi.

"Hajiya, ni hwa fassara kawai nika yi, ba saurare ba."

"Wa ya ce ka yi rawa, Malam? Karanta."

Ya karanta, yana tsayawa yana a'uziyya. Ta farko wai ta yi kyau, kamar tafiya a cikin ramin mota da rana tsaka. Ta biyu ba laifi. Ta uku wai maimaici ce, ba ta je ko'ina ba. Faifan gaba ɗaya wai ya yi gajarta, kamar an kira ka walima an ba ka dabino. Na yi dariya a nan, don yaron ya iya zagi.

Sai ta huɗu. Malam ya rage murya. Wai sun ɗauko muryar wata mata tana wani yare na Afirka, sun liƙa don ado, sannan suka datse waƙar a tsakiyar maganarta don a ce sun yi fasaha.

Wata mata.

Malam ya ce, "Wace ce matar, Hajiya?" Na ce kwastoma na jirana. Babu kowa a shagon, shi ma ya gani.

Talata, bayan Azahar

Ba duka ne suka kushe ba. Wata yarinya a Riyad mai hira a waya ta ce ta saurara har ta wuce mahaɗar gidansu. Wani Bamisre ya ce gajeren ya fi dogon. Na jera wa Uzairu su kamar yadda nake jera kaya masu kyau a gaba. Bai ko kalla ba. Mutum goma su ce turarenka ya yi, ɗaya ya toshe hanci, ɗayan nan za ka kwana da shi. Na san wannan, shekarata nawa a bakin titi.

Tuwo ya dawo yadda na kai shi.

Alhamis, da safe

Bai tafi Jidda ba. Alhamis ta farko.

Juma'a, bayan an sauko

Ya ce zai sauke faifan. Wai Juma'ar ƙarshen wata zai cire shi daga ko'ina, kamar ba a taɓa yi ba, jitar kuma ya ba ɗan Yaman. Abdulrazak ya zo har gida suka yi ta sa-in-sa da Larabci a tsakar gida, wallah wallah, khalas khalas. Mabuɗin shafin a hannun Uzairu yake, to magana ta ƙare.

Da Abdulrazak ya fita na ce, don mutum ɗaya ya yi rubutu?

Ya ce, "Ba don shi ba, Khala. Gaskiya ya faɗa. Ban tambaye ta ba."

Na ce to ka tambaye ta mana, ai tana da waya.

Ya kalle ni irin kallon da ita uwar tasa take yi, ya shiga ɗaki.

Lahadi, kafin Magariba

Khadijatu ta kira daga Kano, kamar kowace Lahadi. Ƙanwata ce amma ta fi ni tsufa a murya yanzu. Mun yi zancen ruwan sama, wai ya ci katangar maƙwabta. Mun yi zancen tumatir. Ta tambayi ko Ba'indiyen nan mai ɗinki yana nan. Na miƙa wa ɗanta waya, ya ce lafiya lau Umma, ina cin abinci Umma, ina sallah Umma. Minti kaɗan ya miƙo mini.

Shekara biyu muna wannan. Tumatir, ruwan sama, Ba'indiye. Babu wanda ya taɓa cewa ranar nan. Ita ba ta san yana kiɗa da gaske ba, ta ɗauka wasan samari ne. Ba ta san kuma saƙon muryar da ta fara yi masa ranar a tashar motar nan yana nan ba, bare ta san duniya na ji.

Silifas ɗinta suna bakin ƙofa. Ina share ƙarƙashinsu in mayar.

Litinin, bayan La'asar

Yau wata Bamalesiya ta shigo. Ta shinshina almiski ta yatsine, ta ce ambar ya yi ruwa, ta ce kwalbar ba ta da kyau, ta ce na gaba sun fi ni arha. Ina jin ta ina naɗe mata kaya a raina. Da ta gama ta kwashi tsaraba jaka guda. Bayanta wani ya shigo, masha Allah, masha Allah, komai ya yi, ya fita hannu rabbana.

Abin da na daɗe da sani ke nan. Mai yabo wucewa yake yi. Wanda ya tsaya ya ɓata lokacinsa yana neman aibu, ransa ya riga ya shiga kayan, farashi kawai yake nema. Usaman nan ya san inda ganga ta shigo a waƙa ta biyu, ya san inda murya ta karye. Sau nawa ya saurara kafin ya san haka? Wannan ba maƙiyi ba ne. Kwastoma ne ba a iya tarbarsa ba.

Yaran nan sun iya kiɗa, ba su iya ciniki ba. Ni na iya.

Talata, da hantsi

Na karɓi lambar Usama wajen Abdulrazak. Na ce gaisuwa zan yi.

Talata, bayan Azahar

Na aika masa saƙon murya. Na fara da ya waladi, wato ɗana, na yaba masa rubutunsa, na ce dabinon nan da ya ambata ya ba ni dariya. Haka ake yi, sai ka fara yarda da mai kushe. Sannan na ce amma kayan nan ba ka san asalinsu ba. Na faɗa masa ko wace ce wata matar. Na faɗa masa dalilin da maganar ta yanke a inda ta yanke, da cewa ba almakashi ne ya yanke ta ba.

Na faɗi abin da ko a littafin nan ban taɓa rubutawa ba. Da Larabcin kasuwa ya fi sauƙin fita, kamar labarin wasu.

Na ji daɗi bayan nan. Har na ƙara wa wata 'yar Nijar humra kyauta.

Laraba, da yamma

Usama ya rubuta wa Uzairu. Layi biyu, wai ya yi haƙuri, bai sani ba.

Uzairu ya same ni a shago, gaban mutane. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Da Hausa ya yi maganar, kalma ɗaya ɗaya, don kada ta kuɓuce masa.

"Khala, kin ɗora ta a tire."

Na ce don kai na yi.

"Yanzu zai ce waƙar ta yi kyau. Don tausayi. Kin sayar."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi unguwar Ka'akiyya wajen su Abdulrazak.

Malam Salihu ya leƙo bayan an watse. Ya daɗe yana gyara hula. Ya ce, "Hajiya, kin hwaɗa mishi unguwa? Da suna?" Na ce na faɗa. Ya ce, "In ya buga hwa?" Bai ƙarasa ba, ban ce ya ƙarasa ba. Shagon nan da sunan wa yake, ni da ke ciki wace takarda ce a jakata, duk layin nan an sani kuma ba a faɗa.

Ni Ɗaso, da na sayar wa Baturke turaren da ya rantse ba ya so, ban hango wannan ba.

Alhamis

Bai dawo ba.

Juma'a, bayan Asuba

Takalminsa babu a bakin ƙofa. Nata suna nan.

Saura mako guda.

Asabar, bayan La'asar

Duk farar mota irin ta masu kame da ta rage gudu a gaban shago sai na sami abin gyarawa a ciki. Na fasa kwalbar ambar. Layin gaba ɗaya yana ƙamshi, mai baƙala, kantin kayan masarufi, yana tsokanata wai yau Hajiya sadaka take yi.

Na duba shafin Usama sau ban san adadi ba. Bai sa komai ba.

Lahadi, kafin Magariba

Ta kira. Ruwan sama. Tumatir ya sauko. Ta ce ina Uzairu, na ce ya fita. Ta ce, "Yaya Ɗaso, muryarki ba daidai ba." Na ce hayaƙin turaren wuta ne.

Litinin, bayan Azahar

Ya zo. Usaman da kansa.

Na zaci wani ƙato ne mai tumbi. Ashe siririn yaro ne mai tabarau, kansa a aske, ya kawo mahaifiyarsa Umara ta tsaya hutawa a masauki. Ya tsaya a ƙofa yana karanta allon shago, ya ce, "Ke ce khalar Uzair?" Bakina ya riga ya ce tafaddal, shigo, zauna.

Ya ce saƙona ya goge shi. Ba zai rubuta ba, ba zai faɗa wa kowa ba, ba nasa ba ne. Jimlar nan ta ado kuma ya cire ta, ya rubuta a ƙasa cewa ya yi kuskure a kan waƙa ta huɗu, bai faɗi dalili ba.

Sai jinin kasuwa ya motsa. Na ce to tunda an gyara ta huɗu, ta uku fa?

Ya ce, "Ta uku ba ta yi ba, ya khala."

Na ce ka sake ji.

"Na sake. Har a mota yau. Ba ta yi ba."

Na ce gajartar fa?

"Ya yi gajarta. Zaluntarmu suka yi, ina son ƙari."

Na kama hannunsa na shafa masa turaren udu mai kyau a baya, wanda ba na buɗe wa kowa. Na ce kada ka shinshina yanzu, ka bari ya zauna a fata. Muka yi hira, ya sha shayi, ya tambaye ni ko da gaske Uzair zai sauke faifan, na ce haka ya ce. Ya cire tabarau ya goge, ya ce hasara ce. Da zai tafi ya kai hannu hanci, ya ce, "Ya yi nauyi."

Ya kushe, ya zauna, ya sha shayina, ya fita bai sayi ko tsinke ba. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa ganin irinsa ba. Malam Salihu yana jin mu ta bango, har da tari don dariya.

Talata, da hantsi

Na saurari ta huɗu har ƙarshe. A shago, na ja labule.

Gangar tana tafiya a hankali, jitar tana gurnani, sai komai ya ja baya, sai ga ta. Ƙarar motoci a bayanta, tana haki kaɗan don ta ɗauko kaya. "Uzairu, in ka taso ka biya ta Rusaifa, ka..." Sai muryar namiji da Larabci, sai tire ya faɗi, sai shiru.

Shi ke nan. A nan waƙar ta ƙare.

Ka me? Shekara biyu, tun ranar da aka kama ta aka mayar da ita gida, yaron nan yana ɗauke da wannan. Ni ina share ƙarƙashin silifas, shi yana wannan.

Laraba, bayan La'asar

Na rufe shago na hau mota zuwa Ka'akiyya da kular tuwo da miyar kuka. Uwar Abdulrazak ta nuna mini soro. Yana zaune a inuwar tankin ruwa, ya rame, gemu ya fito masa wuri-wuri.

Ban yi ciniki ba. Na ajiye kula na ce na yi ba daidai ba, kuma mutumin ya fi ni hankali, ya goge. Na ce har yanzu yana nan a kan ta uku ba ta yi ba.

Ya ɗago. "Ya ce haka? Bayan ya sani?"

Na ce har a fuskata.

Bakinsa ya motsa kaɗan. Ya ce, "Ta ukun Abdulrazak ne ya dage." Daga ƙasa Abdulrazak ya yi ihu wai ƙarya ne wallah. Ashe yana matakala yana saurare.

Ya buɗe kula. Na bari sai da ya yi loma uku, don ba a yi wa mai yunwa magana. Sannan na ce, ka ce laifinka ba ka tambaye ta ba. To saukewar ma ba ka tambaye ta ba. Ka sa ba da saninta ba, za ka cire ba da saninta ba, ita kuma tana can tana ba mu labarin tumatir. Na ce ni ba zan aika mata ba, bakina ya yi aikinsa na bana. Kai za ka aika, ko ka bari.

Ya ce, "In ta yi kuka fa?"

Na ce ka ɗauka ba ta yi ne?

Alhamis, bayan Azahar

Ya dawo da jakarsa. Ya zauna a kan buhun turaren wuta a shago, ya yi ta rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe ya yi mata magana da baki, Hausa da Larabci a cakuɗe, ya haɗa da waƙoƙin ya tura.

Alama ɗaya. Ba ta shiga ba. Wataƙila babu wuta a can.

Alhamis, bayan La'asar

Alama biyu.

Alhamis, kafin Magariba

Ta buɗe. Ba ta ce komai ba. Malam Salihu ya leƙo sau biyu wai aron almakashi.

Juma'a, da hantsi

Yau ce ranar da ya sa.

Saƙo ya shigo muna karyawa. Ya ajiye wayar tsakaninmu a kan tabarma, ya kasa dannawa, ni na danna.

Ta fara da ni. "Yaya Ɗaso, wannan hayaniyar kika bar shi yana yi? Mai gangar nan ɗan gidan wa ne, ba ya gajiya?" Ta ce ta farko ta sa mata ciwon kai. Ta ce shi kuma me ya sa yake waƙa kamar ana binsa da gudu, ya buɗe baki mana. Ta ce ta uku ce mai daɗi, ita ce za a iya yin wanke-wanke da ita, ta saurare ta har sau biyu.

Uzairu ya kife fuska a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ban san dariya ba ce ko ɗayan, ina jin duka.

Ana jin zakara a bayanta. Ta share murya.

"Ta ƙarshen kuma. Uzairu, ashe saƙon nan ya shiga. Ni na ɗauka bai shiga ba." Ta ci gaba: "Cewa zan yi ka sayo gurasar tamis wajen Ba'afganen nan, mai zafi, kada ya ba ka na safe. Shi ke nan abin da zan ce. Ka bar waƙarka yadda take. Amma da ka faɗa mini da na gyara murya, ina ta haki kamar tsohuwa."

Mun sake ji. Mun sake. Shayi ya huce.

Na tashi na shiga ɗaki don hayaƙin turaren wuta ya dame ni, ko da yake ban kunna ba.

Asabar, bayan Asuba

Faifan yana nan. Na duba da kaina.

Abdulrazak ya ce a rubuta masa maganar Umma a kan ta uku da Larabci, zai aika wa Usama. Na ce ni babu ruwana, na daina aike. Malam Salihu ya ce shi zai fassara, tunda fassara ce kawai.

Lahadi za ta kira. Ban san me za mu ce ba in tumatir ya ƙare. Za mu gani.

Asabar, da hantsi

Na fito ban ga Uzairu ba. Sai ga shi da leda, tururi na fita. Har Rusaifa ya je, ya bi layi, ya ce wa Ba'afganen na cikin tanderu yake so. Ya shimfiɗa a faranti, ya ɗauki hoto ya tura mata kafin ya bari in taɓa.

Amsa ba ta daɗe ba.

Ta ce ya ƙone a gefe.